Daren da Metallica ta haɗu da makaɗan simfoni, da abin da ya rage wa kiɗan Hausa

A ranakun 21 da 22 ga Afrilun 1999, mutum huɗu masu kiɗan da ya fi kowane ƙara a Amurka suka hau dandamali ɗaya da gomman makaɗa masu baƙaƙen kwat, waɗanda suka saba da zauren da ko tari ba a so a yi. Mutum huɗun su ne ƙungiyar Metallica, sauran kuma makaɗan San Francisco Symphony, wadda aka kafa tun 1911. An yi wasan a zauren Berkeley Community Theatre da ke Jihar Kalifoniya, aka naɗe shi kai tsaye a gaban jama'a, sannan aka fitar da shi ranar 23 ga Nuwamban shekarar da sunan S&M, wato harufan farko na simfoni da Metallica.

Fiye da shekara ashirin da biyar ke nan ana sauraron wannan kundi. Ga mai karatu a Kano ko Zariya, amfanin labarinsa bai tsaya ga ko yana son irin kiɗan ba. Labari ne na yadda ake haɗa kiɗa iri biyu ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, da yadda ake ajiye kiɗa domin ya wuce ran mai shi. Abu na biyun shi ne ƙasar Hausa ta fi buƙata a yau.

Ɓangarori biyu masu nisa da juna

Kiɗan da ake kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi, ya samo asali ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, musamman a Birmingham, garin masana'antu. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayen salon, inji ne ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don rage zafi, sai muryarta ta yi kauri, kuma wannan kauri ya zama tambarin kiɗan. Kayan aikin ba su da yawa: jita biyu masu lantarki, jita ɗaya mai babbar murya, jerin ganguna na mutum ɗaya, sai mawaƙi. Ƙarfinsu duka daga na'urar ƙara sauti yake fitowa.

Ita kuwa okestira ta simfoni taron makaɗa ne da kan kai tamanin zuwa ɗari, an kasa su gida huɗu. Akwai masu goge manya da ƙanana, waɗanda su ne mafiya yawa. Akwai masu busa na itace, dangin sarewa da algaita. Akwai masu busa na tagulla, dangin kakaki da begila. Sai masu ganguna da kuge. Kowa yana da takarda a gabansa da ke nuna masa abin da zai kaɗa, da lokacin shigarsa, da lokacin da zai yi shiru. A gaba kuma mutum ɗaya ne yake tsaye da ɗan sanda, tamkar madugu a gaban ayari, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango.

Yadda aka kai ga daren Berkeley

James Hetfield da Lars Ulrich ne suka kafa Metallica a Los Angeles a 1981. Cikin waɗanda suka gina salonta har da Cliff Burton, mai babbar jita, wanda ya shaƙu da kiɗan gargajiyar Turai, musamman na Bach, ya kuma shigar da tsarinsa cikin ayyukan ƙungiyar. Ya rasu a haɗarin mota a Suwidin ranar 27 ga Satumban 1986. Don haka lokacin da aka zo maganar okestira, akwai gurbinta a cikin waƙoƙin tun asali.

Wanda ya ɗauki nauyin haɗin shi ne Michael Kamen, mai tsara kiɗan finafinai irin su Die Hard da Lethal Weapon. Shi ya rubuta wa Metallica kiɗan goge a waƙar Nothing Else Matters ta 1991, kuma shi ya kawo shawarar a yi cikakken wasa da okestira. Sai da shekaru suka shuɗe kafin ƙungiyar ta amsa. Da lokacin ya yi, Kamen ya ƙi bin hanya mai sauƙi, wato ya sa masu goge su riƙa maimaita abin da jita ke yi. Ya zauna ya rubuta wa okestira nata zancen, wanda wani lokaci yake amsa wa jita, wani lokaci ya yi mata gardama, wani lokaci ya cike gurbin da ta bari.

Kundin ya ƙunshi kiɗa 21 a faifai biyu, sama da awa biyu. An buɗe shi da The Ecstasy of Gold na Ennio Morricone, daga fim ɗin kaboyi na 1966 mai suna The Good, the Bad and the Ugly, wanda Metallica ta daɗe tana buɗe wasanninta da shi. Akwai sababbin waƙoƙi biyu, ɗaya ita ce No Leaf Clover. Kundin ya shiga jerin Billboard na Amurka a matsayi na biyu, kuma The Call of Ktulu, kiɗan da babu waƙa a cikinsa, ya ci kyautar Grammy a 2001. Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu masu sharhi sun ce a waƙoƙi masu tsananin gudu, sai ka ji kamar makaɗa biyu ne kowa ke nasa a gidan biki ɗaya. Inda aka fi yin ittifaƙi a kan nasara shi ne waƙoƙi masu numfashi, waɗanda suka bar wa okestira fili.

Matsaloli uku

Duk mai son yin irin wannan haɗi sai ya warware abu uku. Na farko shi ne ƙara. Gogen Turawa ɗaya ba ya iya ja da jitar da aka jona wa tarin lasifikoki. Saboda haka ake sa wa kowane rukuni makirfonsa, a kare su daga rugugin ganguna, a naɗi kowace murya a layinta daban, sannan daga baya injiniya ya zauna ya auna wa kowa rabonsa. Rabin kyawun kundi irin wannan aikin mutumin da 'yan kallo ba su gani ba ne.

Na biyu shi ne lokaci. Makaɗan rok sun saba su ƙara gudu idan jama'a sun ɗauki zafi, ko su tsawaita wani wuri idan ya yi daɗi. Mutum tamanin masu bin takarda ba za su iya wannan ba. Dole ƙungiyar ta ɗaure kanta ga adadin da aka rubuta, madugun okestira kuma ya kasa kunne ga mai ganga, ya miƙa wa mutanensa bugun da sandarsa.

Na uku shi ne saiti. Kafin a fara, dukan okestira tana daidaita kayanta da murya ɗaya da mai busa obo yake bayarwa, wadda a yawancin wurare take kaɗawa kusan sau 440 a daƙiƙa. Jita da fiyano an gina su a kan ma'auni ɗaya da wannan, mai matakai goma sha biyu, shi ya sa wannan matsala ba ta wahalar da Metallica ba. Amma ita ce za ta fi wahalar da duk wanda ya kawo algaita ko kukuma.

Abin da takarda da faifai suka tserar

Metallica ba ita ta fara ba. Tun ranar 24 ga Satumban 1969 ƙungiyar Deep Purple ta yi wasa da Royal Philharmonic Orchestra a zauren Royal Albert Hall na Landan, da kiɗan da Jon Lord ya rubuta. Ba a daɗe ba takardun suka ɓata, aka yi shekaru ba mai iya sake kaɗa shi. Wani ɗan ƙasar Holan, Marco de Goeij, shi ya zauna da faifan da hoton bidiyon wasan, yana saurare yana kallon yatsun makaɗa, har ya sake rubuta shi. Da haka aka maimaita wasan a zauren a Satumban 1999.

Michael Kamen ya rasu a Nuwamban 2003, amma hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. A ranakun 6 da 8 ga Satumban 2019 Metallica da San Francisco Symphony suka sake haɗuwa a bikin buɗe zauren Chase Center, ƙarƙashin jagorancin Edwin Outwater da Michael Tilson Thomas, aka fitar da S&M2 a Agustan 2020. A daren, Scott Pingel, shugaban masu babban goge na okestirar, ya kaɗa wani kiɗa na Cliff Burton, shekara 33 bayan rasuwarsa. Sun kuma yi tarayya a kan wani kiɗa na Alexander Mosolov, ɗan Rasha, wanda ya tsara a shekarun 1920 yana kwaikwayon amon masana'antar narka ƙarfe. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma ya ware wa maƙera kiɗansu na dundufa.

Shekarar 1999 a ƙasar Hausa

Ƙasa da wata biyu bayan daren Berkeley, ranar 18 ga Yunin 1999, Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano. Ya bar waƙoƙin da har yau ba a gama ƙidaya su ba, amma da yawansu an naɗe su ne da makirfo ɗaya ko biyu, a gidan rediyo ko a filin biki. Muryarsa tana nan sarai. Abin da kowane kalangu yake faɗi a bayansa kuwa, da yadda ƙananan ganguna suke saƙa tsakaninsu, sun cakuɗe wuri ɗaya ta yadda mai koyo zai sha wuya kafin ya raba su.

A daidai wannan tsakani ne fiyanon Yamaha ta mamaye situdiyoyin Kano. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1990, ya nuna cewa mutum ɗaya da na'ura ɗaya zai iya kwaikwayon ganga da sarewa ya kuma samu kasuwa. Ta fuskar ciniki babu laifi a lissafin: maimakon a sallami mutum goma, sai a sallami ɗaya. Amma fiyano tana da matakanta tsayayyu, alhali kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata ya saki, muryar ta hau ta sauka tana bin karin harshen Hausa, har mai saurare ya gane taken wanda ake kira. Wannan hawa da sauka shi ne na'ura ta daddaɗe.

Masana sun yi aiki mai yawa a kan baitoci. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu a littattafai da dama, kuma tun 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa da sunayensu. Sai dai abin da aka rubuta na kalmomi ya ninka abin da aka rubuta na kiɗan kansa nesa ba kusa ba. Idan uban kiɗa ya rasu bai bar magaji ba, takensa yakan bi shi.

Abin da ke kudancin Kano

Wanda ya bi hanyar da ta ratsa Bebeji da Kiru, ya karya a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore zuwa Doguwa, ya ratsa ƙasar noma da farauta da fatauci. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar fataken goro, kuma a yankin ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970. Kamar sauran karkarar Hausa, kowace sana'a a nan tana da amonta: gangar noma ga 'yan gayya, kalangu ga mahauta da 'yan dambe, komo da babbar garaya ga maharba, dundufa ga maƙera. Idan ana neman kiɗan Hausa da ya yi kama da hebi metal wajen zafi da tsuma matasa, to ga kiɗan 'yan tauri nan, na mazan da ke bugun ƙirji cewa ƙarfe ba ya cin su.

Okestirar Bahaushe kuwa tana fada. Kakaki da farai da algaita da tambari da ganguna, ga 'yan amshi, ga sanƙira, kowa ya san wurin shigarsa ba tare da takarda ba. Ana ganin cikarta a hawan Sallah, lokacin da hakimai ke shigowa birni kowa da makaɗansa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Amma a 'yan shekarun nan an dakatar da hawan a birnin fiye da sau ɗaya saboda dalilan tsaro, kuma duk Sallar da ba a hau ba, mabusa sun rasa babbar ranarsu, yaransu kuma sun rasa ranar koyo. A ƙauye ma maganin feshi da tarakta sun rage gayya, masu lasifika kuma sun karɓe filin biki. Makaɗin da ba a gayyata ba, ɗansa sana'a zai sake.

Haɗa waɗannan kaya da okestira ba zai zo da sauƙi ba. Kakaki murya biyu yake da ita, kuma kowanne da tasa gwargwadon yadda maƙeri ya ƙera shi. Algaita 'yar'uwar obo ce, amma mai busa ta yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ba yankewa, kuma ramukanta ba a kan ma'aunin Turai aka huda su ba. Yawancin waƙoƙin Hausa a kan matakai biyar suke tafiya. Sannan mawaƙi irin Shata yana ƙirƙirar baiti ne nan take, ya tsawaita idan mai kyauta ya taso, abin da takarda ba ta yarda da shi ba. Ga kuma maganar alfarma: kakaki da tambari alamun sarauta ne, ba kowa ake yi wa ba, don haka fitar da su dandamali sai da yardar fada.

An taɓa yi a maƙwabta

Duk da haka akwai shaidar cewa abin yana yiwuwa. A 2008 Toumani Diabaté na Mali, gwanin kora mai tsirkiya 21, ya yi wasa da London Symphony Orchestra a zauren Barbican na Landan. Masu tsarawa sun bar kora da balafon a gaba, suka sa okestira ta bi su a hankali, suka kuma bar wuraren da makaɗan Mali za su yi yadda suka ga dama. An naɗe wasan, aka ajiye shi shekara 13 kafin a fitar da shi a 2021 da sunan Kôrôlén. Toumani ya rasu a Yulin 2024, kundin kuwa yana nan.

Akwai kuma misali daga cikin gida. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, 'yar Hausawan da suka zauna a Sudan ce, kuma ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a 1942. Ta yi zamani a lokacin da mawaƙan birnin suka rungumi molon Larabawa da gogen Turawa ba tare da sun bar matakansu biyar ba. Ta rasu a 1974, kuma har yau Sudan tana ƙirga ta cikin manyan mawaƙanta. A Najeriya ma akwai ƙungiyar MUSON a Legas, wadda aka kafa a 1983, tana da makarantar kiɗa da okestirarta, ga kuma 'yan badujala na soja da na 'yan sanda waɗanda suka iya karanta kiɗa a takarda.

Wa zai biya, wa zai mallaka

A nan maganar ta dawo kan 'yan kasuwa da ma'aikata. Wasa irin na Berkeley jari ne: kuɗin mai tsarawa, kuɗin atisaye, kuɗin zaure, kuɗin injiniyoyi. Metallica ta iya zuba shi ne saboda ta san za ta ci moriyarsa shekaru masu yawa. Ita ce ta kai kamfanin Napster kotu a Afrilun 2000 kan raba waƙoƙinta kyauta a intanet, abin da ya jawo mata baƙin jini a lokacin. A 2012 ta karɓi mallakar ainihin faya-fayanta, ta kafa kamfaninta mai suna Blackened Recordings, kuma ta hannunsa S&M2 ya fito.

Makaɗin Hausa kuwa ya dogara ne ga kyautar ranar biki. Waƙarsa tana yawo a wayoyi da kasuwannin tura waƙa, iyalansa ba sa ganin ko kwabo. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta kare abin da ba a naɗa ba, ba a kuma rubuta sunan mai shi ba. Kuɗin kiɗa kuwa akwai su. Duk kakar zaɓe, a mazaɓar Kiru da Bebeji da ta Tudun Wada da Doguwa kamar ko'ina a jihar, ana kashe dukiya a kan waƙoƙin da ba sa wuce ranar rantsuwa.

Matakin farko bai buƙaci okestira ba tukuna. Abin da ake buƙata shi ne a je inda makaɗan suke, a naɗi kowace ganga a layinta, a rubuta sunan makaɗi da garinsa da taken da ya kaɗa da wanda ake yi wa shi, a kuma sa hannu a takardar da ta fayyace rabon kowa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da jami'o'in jihar da gidajen rediyo suna da hurumin yin wannan, attajiri ɗaya kuma zai iya ɗaukar nauyin ƙaramar hukuma guda. Idan aka samu wannan taska, mai tsarawa zai sami abin da zai gina a kai, ko a bana ko bayan shekara talatin, kamar yadda ɗan Holan ya samu faifan 1969. Kamen ya iya rubuta wa mutum tamanin abin kaɗawa ne domin waƙoƙin Metallica suna nan a naɗe, bugu bayan bugu. Tsofaffin makaɗan noma da na farauta na kudancin Kano suna raye a yau, kuma abin da ke hannunsu babu shi a wata takarda.